Barci Ma Maganar Ƙungiya Ce

'Yan'uwa manoma, a tarurrukan ƙungiyoyinmu mukan yi shawara a kan taki da iri da bashi. A ganinmu lokaci ya yi da za a ƙara da maganar barci.

Ku dubi yadda rani yake a ƙasarmu. A Makarfi da Kudan, in an shiga saran rake, masu dafa mazarƙwaila sukan raba dare a bakin wuta. A fadamun Ikara mai tumatir yakan kwana ban ruwa, ko jiran motar da za ta kwashi kwanduna zuwa Legas. Samari kuwa daga gidan kallon ƙwallo sai teburin mai shayi, a ci burodi da Indomie da sha biyun dare. Gari na wayewa kowa ya nufi gona. Mukan ce wannan himma ce, amma jiki yana da nasa lissafin.

A cikin jikin kowane mutum akwai agogo, kuma ƙwayoyin gado da muka samo daga iyaye ne suke juya shi. A shekarar 2017 aka ba masana uku na Amurka, Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young, lambar yabo ta Nobel saboda gano yadda yake aiki. Sun yi bincikensu a kan ƙananan ƙudajen nan masu bin ruɓaɓɓun 'ya'yan itace. Sun ga wani sinadari yana taruwa da dare, yana raguwa da rana, haka kullum cikin awa 24. Irin wannan agogo ne yake tsara mana lokacin barci da na yunwa, da yadda jiki zai sarrafa abin da aka ci.

To, me zai faru in ya rikice? A 2005, a Jami'ar Northwestern, an gwada ɓerayen da ƙwayar gadon agogonsu ta lalace. Sai suka riƙa cin abinci a lokacin da ya kamata su yi barci, suka yi ƙiba, sukari da kitse suka hau a jininsu. A 2004 kuma, a Jami'ar Shikago, an bar samari 12 da barcin awa 4 kawai har dare biyu. Yunwarsu ta ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, suka fi kwaɗayin zaƙi da abinci mai nauyi.

Wani zai ce, ina manomi ina ƙiba, ai fartanya ta isa. A da haka ne. Yanzu babur ya karɓi tafiyar ƙafa, inji ya karɓi jigo, maganin feshi ya rage noman hannu. Teɓar da muke yi wa kirarin alamar arziki takan jawo ciwon sukari da hawan jini, kuma kuɗin maganinsu yana iya cinye ribar rani duka.

Gado bai ɗaure kowa ba, amma ya sa mun bambanta. Wani tun asuba idonsa biyu, wani sai dare yake jin ƙarfi. Kada mu yi saurin kiran na biyun rago.

Ga shawararmu. Kowace ƙungiya ta tsara aikin dare bi da bi, kada mutum ɗaya ya kwana a bakin inji mako guda cur. A ba mai ƙarfin dare aikin dare, a bar shi ya rama barcinsa ba gori. A gida a ci tuwo da wuri, a ajiye waya, babba ya nemi barcin awa 7 ko fiye, a lokaci ɗaya kullum. Shugabanni, ku kawo wannan magana a taro na gaba, kafin a fara saran rake. Rigakafi ya fi magani.