Mai Gadin da Ba Ya Riƙe Littafi

Mu da muka tashi a Haɗejiya mun ji kakanninmu suna ba da labarin zamanin da ganuwa ke da rai. Magariba na yi a rufe ƙofofi. Fataken da dare ya yi musu a Ƙofar Gabas, da jakunansu ɗauke da bandar kifi, tambaya ɗaya sarkin ƙofa ke yi musu: "Gidan wa za ku sauka?" Ba ya riƙe littafi. Sunan mai masauki shi ne mabuɗi, shi kuwa mai unguwa ya san shi.

Yau 'ya'yanmu masu rubuta manhaja suna da nasu rumbun. Git suke ce masa, wanda Linus Torvalds ya ƙirƙiro a 2005. Kafin shi akwai Subversion. Rumbu ne da ba ya zubar da tsohon hatsi. Duk gyaran da aka yi, da hannun da ya yi shi, yana nan ajiye.

Na taɓa yawan zama da wasu samari a wani ɗan ofis kusa da kasuwa. Littafi biyu suke riƙewa: ɗaya a Redmine, inda suke raba aiki, ɗaya kuma fayil ɗin kalmomin sirri a sabar Apache mai gadin rumbun. Wani yaro ya bar su ya koma Kano. Aka goge sunansa a na farko, aka sha'afa da na biyu. Wata uku mabuɗin rumbu na aljihunsa, Allah dai ya sa ɗan halak ne. Kada mu yi musu dariya. Makullai nawa muka ba 'yan haya da ba mu karɓa ba?

Maganin kuwa yana tare da Redmine ɗin tun tuni, wani ɗan fayil na Perl mai suna Redmine.pm. Da an ɗora shi, Apache ya ajiye littafinsa. Ka zo da suna da kalmar sirri, sai ya leƙa rajistar Redmine: wannan ɗan gida ne a aikin nan? Matsayinsa na zuba hatsi ne, ko na leƙe kawai? Aikin da aka buɗe wa jama'a, baƙo ma ya karanta, amma ba ya taɓa ko ƙwaya.

Daren da suka haɗa shi ina wurin. Babbansu ya buga wa yaron waya Kano ya ce ya gwada shiga. Can sai muka ji muryarsa yana dariya: "Yaya, wallahi ta ƙi buɗewa."