MUTUWAR 'YAN TSAKI A ƘASAR TSIBIRI: ƘADDARA CE KO RASHIN SANI?

Bahaushe ya ce kaza mai 'ya'ya ita ke gudun shirwa. Wannan karin magana ya nuna cewa tun kaka da kakanni an san ɗan tsako a bakin halaka yake, sai dai an ɗora laifin duka a kan shirwa, alhali kuwa abin da ke kashe 'yan tsaki a ƙasa ya fi abin da ke faucewa daga sama. Duk wanda ya san gidajen Tsibiri da sauran ƙauyukan Maradun da Bakura da Talata Mafara ya san yadda abin yake. Kaza takan yi kwanci kwana 21, ta ƙyanƙyashe goma ko fiye, amma kafin wata biyu sai a ga 'yan ƙalilan ne ke bin ta. Idan an tambayi mai kazar, sai ta ce annoba ce, ko kuma ta ce haka Allah Ya so. Haƙiƙa komai da ikon Allah yake, amma Shi ne kuma Ya sanya wa kowane abu sababi. Ra'ayina a wannan maƙala shi ne, yawancin wannan mutuwa tana da dalilai mabambanta waɗanda ake iya ganewa, kuma kiran su duka da suna ɗaya shi ne tushen asarar.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan ƙaramar magana ce. Kaza ita ce asusun macen karkara: da ita take sayen sabulu da magani, da ita take fita kunyar baƙo da biki da suna. A shekarun nan da ɓarayin daji suka kore shanu da tumaki daga garuruwa da yawa na wannan yanki, akwai gidajen da ba su da sauran dabba sai kaji. Saboda haka mutuwar 'yan tsaki takwas a gida ɗaya karayar jari ce.

Hanyar gano dalili ba ta buƙatar digiri. Abubuwa uku ake dubawa: kwanakin ɗan tsako, da lokacin shekara, da kamannin kashinsa.

Alal misali, mutuwar makon farko ba kasafai take zama annoba ba. Ɗan tsako ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa sai ya yi gashi sosai, don haka yana bukatar zafin da ya kai maki 32 zuwa 35 a ma'aunin Salshiyas a wannan mako. Uwar takan ja su cikin raɓar asuba ko iskar hunturu, sanyi ya kama su, su dunƙule wuri ɗaya suna kuka har su mutu. Maganin wannan shi ne a kife uwa da 'ya'yanta cikin akurki ko babban kwando na tsawon makonni, a shimfiɗa musu busasshen ɓuntun shinkafa, wanda ba ya wuya a ƙasar da ake noman rani. A ba su ɓarzajjen hatsi da garin ƙuli-ƙuli da gara, a kuma zuba tsakuwa cikin kaskon ruwansu don kada su nutse. Wannan dabara ɗaya ta raba su da sanyi da shirwa da muzuru baki ɗaya. Idan kuwa an ga farin zawo ya like musu a dubura tun suna 'yan kwanaki, to ana iya zargin wata ƙwayar cuta da ke bi ta cikin ƙwai daga uwa, kuma bai kamata a sake sa wa irin wannan kaza ƙwanta ta yi kwanci ba.

Daga mako na uku zuwa na shida kuma wasu cututtuka ne ke shigowa. Kashi mai jini da sakin fukafukai alama ce ta cutar hanji da ke yaɗuwa a jiƙaƙƙen wuri, musamman da damina. A daidai wannan tsakani ne kuma cutar Gumboro take kamu, wadda ta samo sunanta daga wani gari a Amurka inda aka fara bayyana ta a 1962. Bugu da ƙari, tun da aka gama madatsar ruwa ta Bakolori a kan kogin Sakkwato a 1978, ruwa ya zauna a magudanan wannan yanki rani da damina, sauro kuwa shi ne ke ɗaukar cutar nan mai fesa ƙuraje a fuskar kaza da tukkunta. Haka nan abinci ma yakan zama guba. Gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna, wadda ake ƙyamar ci a zuba wa kaji, tana ɗauke da dafin da ke lalata hanta. A Ingila a 1960 irin wannan dafi da ke cikin tunkuzar gyaɗa ya kashe talotalo kimanin 100,000.

Sai kuma annoba ta gaskiya, wato cutar Niyukasil, wadda aka fara gane ta a tsibirin Jaba a 1926. Ita ce wadda takan share gari, babba da yaro, musamman da hunturu. Alamunta su ne koren zawo, da numfashi da ƙyar, da murɗewar wuya. Sau da yawa daga kasuwa take shigowa, domin da zarar kaza ta fara gyangyaɗi sai mai ita ya ruga da ita kasuwar Talata ya sayar da arha, mai saye kuma ya sake ta cikin kajinsa a ranar. Da za a ware baƙuwar kaza mako biyu, a kuma binne wadda ta mutu maimakon a jefar da ita a juji, da an rage ɓarna mai yawa. Wannan cuta ba ta da magani, amma tana da rigakafi. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom a Jihar Filato tana yin irin rigakafin nan mai jure zafi da ake kira I-2, wanda ɗigo ɗaya ake sa wa a ido, a maimaita bayan wata huɗu, kuma lafiyayyun kaji ake yi wa kafin annoba ta shigo.

To, me muke yi a maimakon haka? Ko wace alama aka gani, sai a fasa ƙwanson maganin nan ja da rawaya a kaskon ruwa, ko a jiƙa barkono da ɓawon maɗaci. Ba na raina sanin iyayenmu, domin su ne suka gano amfanin gara da toka tun kafin zuwan malamin dabbobi. Amma magani ɗaya ba ya warkar da sanyi da yunwa da annoba gaba ɗaya, kuma ƙwanson nan ba ya taɓa ƙwayar Niyukasil ko ta Gumboro. Kuɗin da aka kashe a kansa ya bi ruwa.

Wani zai ce, ina ruwan ɗalibin Hausa da ciwon kaji, ba aikin likitocin dabbobi ba ne? Amsata ita ce, ilimin yana nan a jami'o'in Sakkwato da Zariya, amma a ɗaure yake cikin Ingilishi, matar da ke da kazar kuwa Hausa take ji. Tsakanin likita da wannan mata akwai kogi, mu ne kuwa aka koya wa fito. Mukan yi kundin digiri a kan karin magana da waƙoƙin daka, wannan daidai ne. Me zai hana wani daga cikinmu ya bi gidajen Tsibiri ya tattara sunayen da mata ke kiran cututtukan kaji da su, ya zauna da likitan dabbobi su daidaita kowane suna da cutarsa, sannan a fitar da ɗan littafi da boko da ajami, da kuma shirin rediyo kafin shigowar hunturu?

A ƙarshe, ina kira ga malamanmu da su buɗe wa ɗalibai ƙofar irin wannan bincike, ga 'yan'uwana ɗalibai kuma da kada su ga aikin ya yi musu ƙanƙanta. Harshen da ya iya raba wa mace cuta da cuta har ta tsirar da jarinta ya yi aikin da aka san harshe da shi. Allah Ya sa mu dace.