Ƙoda kyauta ce, ba hajar kasuwa ba

Allah ya halicci ɗan Adam da ƙoda biyu, amma guda ɗaya mai lafiya ta isa ta tace masa jini har iyakar ransa. Wanda ƙodojinsa duka suka lalace kuwa, hanya biyu ce ke gabansa: ko dai na'ura ta riƙa wanke masa jini sau biyu ko uku kowane mako, ko kuma a dasa masa ƙodar wani. Masu bukata sun yi yawa, ƙodar da ake samu ba ta kai ba. Shi ya sa tambaya ta taso: ko ya kamata a karɓi ƙodar mai rai wanda ba dangin majinyaci ba ne?

A shekara ta 1954 ne likita Joseph Murray ya fara cin nasarar wannan aiki a birnin Boston na Amurka, tsakanin wasu tagwaye. A zamanin, jikin mutum kan ƙi ƙodar bare ya yaƙe ta. Daga shekarun 1980 aka samu magani mai suna siklosforin wanda ke kwantar da wannan yaƙi, har ta kai miji yana ba matarsa, aboki yana ba abokinsa, kuma ƙodar ta daɗe tana aiki. Ke nan ilimi ya buɗe ƙofa. Saura a san wa za a bari ya shiga.

Ƙasashe sun bi hanyoyi daban-daban. Iran, tun 1988, ta yarda a biya mai bayarwa kuɗi a ƙarƙashin kulawar hukuma. Layin masu jira ya ragu ƙwarai, amma mafi yawan masu bayarwa talakawa ne waɗanda bashi ya kai bango. Indiya ta hana cinikin a 1994, bayan ta ga yadda dillalai ke farautar matalauta. Faransa kuwa, a dokarta ta 2011, ta yarda wanda ba dangi ba ya bayar, in dai an tabbatar da shaƙuwa ta aƙalla shekara 2 tsakaninsu, kuma ba da ko dala ba. Malaman fiƙihu na ƙasashen musulmi da suka taru a Jidda a 1988 sun halatta kyautar, sun haramta sayarwar. Matsayin Ƙungiyar Lafiya ta Duniya, OMS, ke nan ita ma.

Kada wani ya ce maganar ta yi mana nisa. A 2023 wata kotu a Landan ta ɗaure Ike Ekweremadu, tsohon mataimakin shugaban majalisar dattawan Najeriya, fiye da shekara 9, saboda kai wani matashi ɗan talla daga Legas don a cire masa ƙoda a dasa wa ɗiyarsa. An ce yaron ɗan uwanta ne. Da likita ya yi masa tambayoyi sai ya gane bai san abin da ke jiransa ba, ya ƙi yin aikin. Samarinmu da ke tafiya cin rani ba su fi ƙarfin irin wannan tarko ba. In gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ra'ayinmu shi ne a karɓi kyautar bare, gama zumunta ba ta tsaya ga jini kaɗai ba, amma da sharuɗɗa. Na farko, komiti mai zaman kansa ya gana da mai bayarwa shi kaɗai, cikin harshen da yake ji, a tabbatar babu tilas babu ciniki. Na biyu, ya san yana da ikon fasawa har ranar aiki. Na uku, a ɗauke masa kuɗin asibiti da na tafiya, a kuma ci gaba da duba lafiyarsa, don kada mai taimako ya koma abin tausayi. Na huɗu, dillali ya gamu da hukunci mai tsanani.

Sannan mu tuna, hawan jini da ciwon sukari su ne kan gaba wajen kashe ƙoda, shan ƙwayoyin ƴan tebur barkatai kuma na ƙara wutar. Mu riƙa zuwa awo tun da wuri. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya saka wa masu kyauta da alheri.