Wai Wiwi Ce Za Ta Fanshi Manomin Auduga?

Wani daren watan Maris, lokacin da zafin Garwa ke hana mutum shiga ɗaki sai tsakar dare, muna zaune a teburin mai shayi nan Poumpoumré sai ɗan ƙanwata ya miƙo mini wayarsa. Bidiyon wani Bature ne a Kanada, sanye da rigar sanyi, yana zagaya wasu tsirran wiwi guda huɗu a bayan gidansa kamar mai jinyar jariri. Kukansa shi ne lokacin ɗumi gajere ne a ƙasarsu, ga raɓa ta fara daskarewa da dare alhali shukar ba ta nuna ba. Yaron ya ce, "Kawu, dubi yadda wannan ke roƙon rana. Mu Allah ya hore mana ita har tana ƙona mu, ga Binuwai, ga ƙasa, amma an ce mu tsaya a auduga. Shi gwamnatinsa ta yarje masa, mu kuwa jandarma ne za su kwashe mu. Wannan adalci ne?"

Ban yi masa tsawa ba, domin ba shi kaɗai ke faɗin haka ba. Na karanta irin wannan magana daga masu digiri, wasu har suna kiran abin "koren zinare". Hujjarsu kuma tana da ƙafafu. Kanada ta halatta wiwi ranar 17 ga Oktoba 2018, kuma a yawancin lardunanta gida ɗaya na iya shuka guda huɗu. Jamus ta bi sahu a watan Afrilun 2024. A Afirka ma Lesotho ta fara ba da lasisi a 2017, Zimbabuwe a 2018, Malawi a 2020, Maroko a 2021. Can Najeriya, marigayi gwamnan Ondo Rotimi Akeredolu ya je har Thailand a 2019 ya dawo yana kiran a halatta nomanta don magani. Mu a Kamaru dokar 7 ga Agusta 1997 tana nan daram, shuka ta laifi ne. To, suka ce, me ya sa za mu zauna muna gadin ƙofar da masu gida suka buɗe?

Hukuncin addini na bar wa malamai, sun fi ni sani kuma sun sha faɗa. Ni a kasuwa zan tare masu wannan magana, tunda da kasuwa suka zo. Ra'ayina shi ne: in aka halatta noman wiwi a kwarin Binuwai gobe, manomin Ngong da na Pitoa ba zai ga arzikin ba. Zai ga wahalar, 'ya'yansa kuma su ga hayaƙin.

Abin da ke ruɗin samarinmu farashi ne. Suna jin abin da ake sayar da ƙunshi ɗaya na banga, kamar yadda ake kiranta a nan, sai su auna da kilon auduga su ga tazara kamar sama da ƙasa. Sun manta abin da ya sa take tsada. Ganyen ba shi da wuyar samu, kusan kamar ciyawa yake tashi. Tsadar kuɗin kasada ce: kuɗin ɗauri, kuɗin toshiyar baki a shingaye, kuɗin ɓoyo a cikin buhun gawayi. Ranar da aka cire kasadar, farashin ya bi ta. Kanadan da yaron ke nuna mini ita ce babbar shaida. Bayan halattawa kamfanoni suka yi rububin gina manyan rumfunan gilashi, kaya ya yi yawa, farashi ya faɗi, har a shekarar 2021 kaɗai masu lasisi suka lalata fiye da tan 400 da suka rasa mai saye. Canopy Growth, wanda a da ake yi wa kirarin babban kamfanin wiwi na duniya, ya sallami ma'aikata 800 a watan Fabrairun 2023. Ƙasar da ke ƙona rarar kayanta ita ce za ta aiko jirgi Garwa ta sayi namu?

Sai su ce ai na magani ake nufi, wanda ake fitarwa Turai. Nan ma a tsaya a duba yadda wannan kasuwa take. Mai sayen wiwin magani a Jamus ba ya tambayar ko ƙasarku na da rana. Takarda yake tambaya: shaidar cewa an noma ta a killataccen wuri, an auna ƙarfin sinadarinta a ɗakin gwaji, babu maganin ƙwari, babu ruɓa, kuma kowane kaso daidai yake da na baya. Wannan aikin masu jari ne, masu injin ba da wuta da ba ya ɗaukewa, masu lauyoyi. Manomin da ke karɓar taki bashi kowace damina ba ya cikin lissafin, sai dai a matsayin ɗan ƙwadago.

Lesotho ta riga ta gwada mana. Talakawan tsaunukan ƙasar sun shekara da shekaru suna noma wiwi a ɓoye suna tsallakar da ita Afirka ta Kudu, da ita suke biyan kuɗin makaranta. Da gwamnati ta halatta, sai aka sa kuɗin lasisi maloti 500,000, abin da ƙaramin manomi ba zai tara ba ko zai shekara ashirin yana noma. Kamfanonin waje suka kwashi lasisin. Shi mai 'yar gonar kan dutse ya ci gaba da zama mai laifi kamar jiya, sai dai yanzu yana hangen katangar waya ta maƙwabcinsa mai takarda. Kamfanin Canopy ɗin nan ya shigo Lesotho a 2018 da ganguna, a watan Afrilun 2020 ya tattara ya fice, saboda lissafinsa na Kanada ya rikice. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, kuma ko gardin bai daɗe a dandalin ba.

Maroko ce misalin da suka fi so, kuma na yarda ita ta fi kowa ƙoƙarin sa ƙaramin manomi a ciki. Amma a lura da abin da Maroko ta yi. Ta riga tana da dubban iyalai a tsaunukan Rif da suka gaji wannan noma kaka da kakanni, tana cikin manyan masu samar da ƙullin wiwi a duniya, ta kuma gaza hana shi. Dokar 2021 ta taƙaita halaccin ga larduna uku kacal, Al Hoceima, Chefchaouen da Taounate, ta tilasta wa manomi shiga ƙungiya ya kuma sayar wa kamfani mai lasisi, shaye-shaye kuwa yana nan haramun. A watan Agustan 2024 Sarki Muhammad na Shida ya yi wa manoma fiye da 4,800 afuwa. Wato Maroko ciwon da ta daɗe da shi take ɗaurewa. Mu da ba mu da wannan ciwo a gonakinmu na arewa, a ce mu yanka kanmu don mu ma mu ɗaura bandeji?

Ga kuma abin da ya fi damuna, wanda masu "koren zinare" ke tsallakewa kamar ba su gani ba. Duk amfanin gona yana da wanda ya ci jarrabawa da wanda ya faɗi. Audugar da ba ta kai daraja ta ɗaya ba ana rage mata kuɗi, shi ke nan. Wiwin da bai cika sharaɗin Turai ba fa, ina zai je? Ba za a zubar ba. Zai sauka a tasha, a bakin kogi, a bayan makarantu. Za a ce hukuma za ta sa ido. Wace hukuma? Tramol magani ne na kanti, doka ta ce sai da takardar likita, amma kowa a garin nan ya san yadda ya zama abin karin kumallon 'yan acaba da leburori. Fetur ɗin zuwa-zuwa yana shigowa daga Najeriya a jarkoki da rana tsaka. A kakar 2010 zuwa 2011, da farashin auduga ya tashi a duniya, tan dubbai suka tsallaka Najeriya ta ɓarauniyar hanya duk da cewa Sodecoton ce ta ba da irin da takin. Auduga ce fa, fara fat, mai cika mota. In ita ba ta tsaru ba, busasshen ganyen da ke shiga aljihu ne zai tsaru? Kuma can tsallaken iyaka kasuwa na jira: binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi da hukumar ƙididdiga ta Najeriya a 2018 ya ƙiyasta masu shan wiwi miliyan 10.6 a ƙasar.

Kada kuma a ce mini ai ganye ne kawai. A 2019 mujallar Lancet Psychiatry ta buga binciken da Marta Di Forti ta jagoranta a wurare goma sha ɗaya na Turai da Burazil. Sun gano mai sha kullum ya ninka wanda bai taɓa sha ba kusan sau uku wajen haɗarin taɓin hankali, in kuwa mai ƙarfin ce yake sha kullum, kusan sau biyar. Irin da ake tallatawa a bidiyon nan su ne masu ƙarfin, an yi shekaru ana tace su don haka. Bature in ɗansa ya zautu akwai asibiti, akwai inshora. Mu likitocin ƙwaƙwalwarmu 'yan kaɗan ne, yawancinsu kuma suna Yawunde da Duwala, tafiyar kwana da yini daga nan. Abin da ya rage wa uwa a Poumpoumré shi ne mari da ɗakin duhu, ko yawon gidajen masu magani har kuɗinta su ƙare. Na ga irin wannan a unguwarmu, ba sau ɗaya ba, kuma ban ga wanda ya zo da lissafin harajin da zai biya ta ba.

Akwai maganar tsaro ma. Mutanen Touboro da sauran Mayo-Rey sun san abin da ake nufi da a san kana da kuɗi a daji. Masu garkuwa da mutane sun kori makiyaya da manoma da yawa daga garuruwansu. Amfanin gona mara nauyi, mai tsada, mai sauƙin ɓoyewa, gayyata ce ga mai bindiga. A dazuzzukan Ondo da Edo, inda ake nomanta da yawa a Najeriya, gandun dajin gwamnati ake sarewa a shuka ta, jami'an NDLEA kuma ba sa shiga sai da makamai. Gandun dajinmu na Binuwai da Faro da Bouba Ndjida sun riga suna fama da masu haƙar zinare da mafarauta.

Inda nake tare da ɗan ƙanwata shi ne batun munafunci. Gaskiya ne ƙasashen da suka yi shekaru suna ba mu horo da kuɗi don mu kama masu wiwi, yau su ne ke sayar da hannun jarinta a kasuwar hada-hada. Abin da ciwo. Amma tarihin bai miƙe kamar yadda ake ba da shi a teburin shayi ba: a taron Janiba na 1925, wakilin Masar ne ya matsa lamba aka sa wiwi cikin yarjejeniyar ƙasa da ƙasa, saboda abin da ƙasarsa ke gani a gida. A watan Disamban 2020 kuma, da aka kaɗa ƙuri'a a Majalisar Ɗinkin Duniya kan sassauta matsayinta, aka ci 27 da 25, Najeriya na cikin masu cewa a'a. Thailand ɗin da Akeredolu ya je koyo ta saki wiwi a 2022, shaguna suka cika titi, a 2025 ta dawo ta ce sai da takardar likita. Munafuncin wani ba ya mayar da guba ta zama abinci.

Ina tare da shi kuma a kan cewa yadda muke yaƙin yanzu ba daidai ba ne. A kama yaro da ƙunshi ɗaya a jefa shi kurkuku cikin manyan ɓarayi, ya fito ya fi da lalacewa, mai kawo kayan a mota kuwa yana gida yana shan iska. Wannan a gyara shi, a mayar da mai sha wurin likita, a bi dillali. Sai dai gyara wannan daban, buɗe gonaki daban, kuma masu son na biyun suna fakewa da na farkon.

Fushin yaron na gaskiya ba a kan wiwi yake ba, a kan auduga yake. Tun 1974 da aka kafa Sodecoton, hedikwatarta a garin nan, manomi ke karɓar iri da taki bashi, a yanka masa farashi, a cire bashin, ya koma gida da abin da ya saura. Mafi yawan audugar a ɗaure take barin ƙasar, ɗan kaɗan ƙwarai ake saƙawa a gida, masaƙar CICAM ta Garwa kuma ta daɗe tana numfashi sama-sama. Albasarmu tana ruɓewa a lokacin kaka don babu wurin ajiya, 'yan watanni kaɗan a dawo ana neman ta da tsada. Madatsar Lagdo tun 1982 take riƙe da ruwa, filayen da aka ce za a shayar da shi har yau ba a kai ko kusa ba. Duk waɗannan an rasa jari da riƙon amana a yi su, su da ba su buƙatar katangar waya ko ɗakin gwaji irin na Jamus. Mutanen da suka kasa gina rumbun albasa su ne za su tsare mana gonar wiwi?

Na mayar masa da wayarsa na ce, "Ɗana, je ka nemo mini manomi ɗaya a Lesotho, mai gona kamar ta babanka, wanda ya samu lasisi da sunansa. In ka kawo shi, ni zan biya shayin ranar, mu sake zama." Ya yi dariya ya ce zai duba. Watanni sun shuɗe, kusan kullum muna haɗuwa a teburin, har yanzu shi ke biyan nasa.