An sallame su daga asibiti: to, sai wa zai riƙe su?

Idan ciwon daji ya kama saurayi ko budurwa a Icirnawa, dangi kan sayar da awaki da hatsin rumbu, a bi ta Matamaye zuwa Damagaram, daga nan a ci kusan kilomita 900 har Yamai, inda cibiyar yaƙi da ciwon daji ta ƙasa ta soma ƙona ciwon da na'urar haske a 2021. Wanda ke da sauran kwana ya komo gida, a yi barka, a watse. Daga ranar ce wata wahala ke somawa.

Likita na son ya riƙa duba shi shekara da shekaru, domin ciwon na iya dawowa, kuma wasu magungunan kan taɓa zuciya ko haihuwa. Wa zai biya kuɗin mota? Yaron da aka yanke wa ƙafa saboda ciwon ƙashi ba shi noma, ba shi zuwa cin rani Kano. Ɗan lakwal ya tarar an soke sunansa. Budurwa kuwa manema sun janye, wai cutar ana ɗauka. Wannan ba gaskiya ba ne: ba a ɗaukar ciwon daji ta cin tuwo akushi ɗaya.

A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa burin cewa kafin ƙarshen 2030, yara 60 cikin 100 masu wannan ciwo su rayu. Madalla. Amma wanda ya rayu ba karatu, ba sana'a, ba aure, rabin ceto aka yi masa.

Abu uku muke nema. Na farko, ma'aikatar lafiya ta mayar da duba waɗanda suka warke a babban asibitin Damagaram, kowa ya komo da takardar da malamin asibitin ƙauyensu zai iya karantawa. Na biyu, shugabannin makarantu su ajiye wa ɗalibi gurbinsa har ya miƙe. Na uku, ku ƴan kasuwa: mai ƙafa ɗaya na iya zaman kanti, yana iya riƙe lissafi. Ku ɗauke su, ku koya masu, kuma hukumomin karkarar Icirnawa su ware masu kuɗin tafiya ganin likita.

Iyayensu sun riga sun sayar da abin da suka mallaka. Sauran nauyin namu ne.