Daga Gindin Zuma: Ina Faya-fayan Namu?

Ran Lahadin da ta wuce wani jikana ya zo mini da abin mamaki nan gida Suleja. Ya karɓi wayata ya ɗan latsa, sai ga wata tashar rediyo ta intanet wadda ba ta da aiki dare da rana sai sa waƙoƙin da suka yi tashe daga 1970 zuwa 1979. Ya ce wai kyauta ce. Na ce kyautar da sai ka sayi data kafin ka ji ta ai da sauran magana, amma bari mu saurara.

ABBA suka fara, Boney M suka biyo baya, can sai ga Bob Marley, kowace waƙa da sunanta da na mai ita a rubuce. Ban ankara ba sai ga ni a shekarun da garin nan ke sallama da sunansa na Abuja, bayan gwamnatin Janar Murtala ta tsai da shawarar gina sabon babban birni a 1976, mu kuma aka raɗa mana Suleja don girmama Sarki Sulaimanu Barau. Lokacin kuɗin Udoji na 1975 bai gama narkewa ba, kusan kowane ma'aikaci ya mallaki akwatin rediyo ko rikoda.

To, amma fa ba ABBA ce ke tara mu a teburin mai shayi ba. Rediyon Kaduna ne, musamman shirin Zaɓi Sonka, inda mutum zai aika da katin gaisuwa ya yi ta kasa kunne ko za a ambaci sunansa, sannan a saki kalangun Alhaji Mamman Shata ko kuntigin Ɗan Maraya Jos. Saboda haka na ce wa yaron ya nemo mini tashar waɗannan.

Ya yi nema har ya gaji. Abin da ya samo guntaye ne warwatse a YouTube, wasu murya ta dusashe, galibi babu shekarar da aka ɗauka, balle sunayen makaɗa da 'yan amshi. Har mun ci karo da waƙar wani an manna mata hoton wani.

Dalili ba ɓoyayye ba ne. Kamfanonin Turawa sun adana ainihin faya-fayansu domin dukiya ce a wurinsu. Namu kuwa da yawa a ɗakunan gidajen rediyo aka ɗauka, ko a kaset wajen biki, kuma zaren kaset ba ya shiri da zafi da laima. Musa Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Shata a 1999, Barmani Coge a 2013, Ɗan Maraya a 2015, Allah Ya jiƙansu. Waɗanda suka san wa aka yi wa wace waƙa, da kuma dalilinta, su ma kullum raguwa suke yi. Ina roƙon gidajen rediyonmu da jami'o'inmu su kwafe abin da ya rage, su rubuta bayaninsa tun da sauran masu ba da shaida.

Ni ma ban fita laifi ba. Da daren nan na jawo kwalin kaset da ke ƙarƙashin gado, na gwada goma sha ɗaya, uku zarensu ya manne ya ƙi juyawa. Jikan ya ce ran Asabar zai zo da kwamfuta mu fara da sauran takwas.