Kafin a Sauke Inji, a Gano Silindar da Ta Mutu

Mota tana tsaye a danja tana karkarwa, sitiyari na rawa a hannun direba, salansa na tari. In aka taka totur sai ta yi nauyi kafin ta ɗauka. A gareji za a ce inji na mis: wata silinda ta daina ƙona man da ake ba ta.

Abin da ke ci wa masu tsofaffin motoci tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake maganin ciwon. Wani bakanike tun bai ɗaga bonet ba ya yanke hukunci: "Alhaji, a tura yaro Ƙofar Ruwa ya sayo fulogi." Bai yi ba, a sayo kwayil. Bai yi ba, famfon mai. Ƙarshenta a ce sai an sauke inji. Wannan canki-canka ne da kuɗin mutane, kuma bai dace da mai sana'a ba.

Alhali gwajin farko ko sisi ba ya ci. A bar inji a silo, a riƙa cire soket ɗin kwayil ɗaya bayan ɗaya. Wanda aka cire ƙarar inji ba ta sauya ba, silindarsa ce matacciya. Sai a musanya kwayil ɗin da na maƙwabciyarta. In ciwon ya bi shi, an kama ɓarawo. In bai bi ba, a kwance fulogi a duba bakinsa. Baƙin toka busasshe, fetur ya yi yawa, iska ta yi kaɗan. Jiƙe da baƙin mai, ringi ne ko robar bawul. In ya fito tas kamar an wanke shi, a ji tsoron gasket na zubar da ruwa ciki. Motar da ke gargada a silo amma ta daidaita a guje kuwa, sau da yawa wata tiyo ce ta tsage tana shan iska.

Motocin da aka ƙera don Amurka daga 1996, irin su Camry da Accord da suka cika titunanmu, suna da wurin jona kwamfuta. In aka jona, lambar P0302 tana nuna silinda ta biyu ce ke mis, amma ba ta faɗin abin da ya lalace a cikinta. P0300 na nufin matsalar na yawo, sai a fara zargin iska ko mai. Masu mota ba su manta gurɓataccen fetur na Fabrairun 2022 ba.

Mai mota ma da nasa laifin. Fitilar inji na ƙyaftawa, yana ta tafiya, ɗanyen fetur na gangarawa salansa yana ƙona abin da kanikawa ke kira indomi. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, wannan asara biyu ce.

Sauke inji sai bayan an auna matsin kowace silinda da geji, an nuna wa mai mota wadda ta gaza sauran.